Kwana Goman da Na Haɗiye

Shekarata goma sha ɗaya ina aikin tafinta a asibiti, a hawa na uku, ɓangaren da ba a cika sallamar mutane su fita da ƙafafunsu ba. Likitocinmu yawancinsu Turanci kawai suke ji, majinyatanmu kuwa da dama ko "zo" ba su sani ba da Turanci, sai a kira ɗaya daga cikinmu ta tsaya tsakani. Mu huɗu ne, duk mata. Muna da wani ɗan ɗaki kusa da matakala, tebur ɗaya, kujera uku da butar shayi mai yoyo. Wadda ta makara ita ce mai zama a kan kwalin takardu.

Turancin nan wajen mahaifina na gada. Malamin makaranta ne, Allah ya jiƙansa, irin mutumin da ko kuka kike yi sai ya gyara miki nahawu kafin ya rarrashe ki. Ƙyauren ɗakinmu shi ne allonsa, Umma ta yi faɗan har ta gaji ta sa masa ido. Akwai darasin da ba na mantawa. Ya ja layi da alli ya raba ƙyauren biyu. A dama ya rubuta to speak frankly, to put it mildly, to put it bluntly. A hagu ya rubuta sad to say, hard to tell, strange to say.

Ya nuna na daman da allin ya ce, "Kin ga waɗannan, kalmar da ta biyo bayan aikatau ita ke gaya miki yadda mutum zai riƙo maganar, da ƙarfi ne ko a hankali. Na hagun kuma sifa ce ta sha gaba, tana gaya miki ɗanɗanon abin tun kafin ki sa a baki. Mai Turanci ba ya faɗo miki ɗaki da mugun labari, sai ya yi sallama. Waɗannan su ne sallamarsa. Kika ji su, ki gyara zama."

Da na fara aiki sai na tarar sallamar nan ita ce jarin tafinta. Shugabarmu, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci wadda ta fara aikin tun ina firamare, ita ta ƙarasa mini darasin da Baba bai yi ba. Ta ce da zarar likita ya yi sallama, ki san kaya na tafe, ki sauke rabi a hanya. In ya ce wata biyu, ki ce sai a dage da addu'a. In ya ce ba abin da ya rage, ki ce za a canza magani a ga abin da hali zai yi. "Mutanenmu ba a miƙa musu mutuwa a tafin hannu kamar ƙwayar magani," in ji ta. Akwai takardar da kowaccenmu ta sa wa hannu ranar ɗaukarta aiki, ta ce ba ƙari ba ragi, ta kuma ce ba a yi wa ɗan'uwa tafinta. Takardar tana nan cikin aljihun tebur, ƙarƙashin gwangwanin sukari.

Ni kuwa na iya, har na fi mai koya mini. Ma'aikatan jinya Ruwan Sanyi suke kirana. In an yi mugun sakamako ni ake nema, in shiga, likita ya zubo garwashi, ni kuma in miƙa wa majinyaci toka mai ɗumi, ya yi mini godiya har da sa albarka. Ba zan yi wa kowa ƙarya yanzu ba, ina jin kaina a kan wannan. Na ɗauka tausayi ne Allah ya ba ni fiye da na sauran mutane.

Kawu ƙanin Umma ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Walda yake yi a wani shago da ke bayan tashar mota, tsakanin mai faci da mai gyaran rediyo. Abokan aikinsa Guduma suke ce masa, ba don hannunsa ba, don bakinsa. In ƙofar da ka kawo ta mutu zai ce maka ta mutu, in kai ne ka lalata ta da ganganci shi ma zai gaya maka, a gaban matarka. Ni kuwa tun ranar da na fara aikin nan ya raɗa mini Aku. "Aku, yau me kika ji kika maimaita?" Haka yake tarbata kullum, in ce masa aku ma ai da albashinsa, ya yi dariya har tari ya kama shi.

Bakin nan nasa shi ya raba shi da 'yarsa. Auta ita kaɗai ta rayu cikin 'ya'yansa. Tana aure a wani gari mai nisa, tafiyar kwana biyu a mota. Shekara uku da suka wuce mahaifiyarta ta rasu, motar da Auta ta shigo ta lalace a hanya, ba ta iso ba sai bayan an binne. Tana shigowa da jakarta a hannu, gida cike da mutane, Kawu ya dube ta ya ce, "Ba ki ga uwarki ba, to ki ɗauka uban ma ba ki da shi." Magana zarar bunu. Ta yi kwana bakwai a ɗakin Umma ta koma, daga nan ba ta sake kiransa ba, shi ma bai kira ba. Taurin kan iri ɗaya ne, ba a ƙasa ta tsinta ba.

Sai bana mijinta ya kira Umma ya ce Auta na da ciki, na fari bayan shekara shida da aure, wata takwas, ga hawan jini, likitarta ta ce ta kwanta, ko kasuwa kada ta je. Umma ta kai wa Kawu labarin. Washegari aka gan shi yana yankan ƙarfe, ya fara haɗa gadon jariri. Ya ce wa Umma da kansa zai kai shi. Umma ta ce ga waya, ya kira yarinya mana tun yanzu, ya ce a'a. "A fuska na zuba mata, a fuska zan kwashe."

A lokacin tarin nasa ya daɗe, wandonsa ya fara yi masa yawa, idonsa ya yi ruwan ɗorawa. Da ƙyar muka ja shi asibiti. Aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka sake hoto, aka ce ya dawo ranar Talata ya ga Dogon Likita. Da na ji sunan likitan gabana ya faɗi, don na san irin waɗanda ake tura masa.

Ranar Talatar shugabarmu ta ce ita za ta shiga, ta tuna mini da takardar ƙarƙashin gwangwani. Kawu ya ƙi. Ya ce yana da aku a gida ba zai yi aro ba. Shugabarmu ta dube ni ta saman tabarau, ni kuma na ce mata ba komai, zan iya. A baranda, kafin a kira mu, ya kama hannun rigata ya ce, "Aku dai abin da ya ji yake faɗa. Kada ki yi mini kwaskwarima, kin ji ko? Ina da tafiya a gabana."

"Haba Kawu, ni da kai?" na ce.

Ofishin Dogon Likita ƙarami ne, taga ɗaya, hoton huhu a bango, kwalin takardar share hawaye a gefen tebur. Ya juyo da allon kwamfuta ya nuna mana wasu tabo-tabo. Kawu ya zauna ya ɗora hularsa a gwiwa. Likitan ya cire tabarau, ya haɗa yatsunsa, ya ce, "To put it bluntly." Na ji sallamar, na gyara tsayuwa.

Ya ce ciwon daji ne, ya cinye hanta ya haura huhu. Ya ce ba aiki, ba wani maganin da zai tsayar da shi, sai dai na rage zafi. Ya ce makonni ne suka rage, huɗu, wataƙila biyar. Sannan ya ɗaga yatsa ya faɗi abin da ya fi nanatawa. Maganin zafin zai sa ya ji kamar ya samu sauƙi na 'yan kwanaki, kada ya ruɗe shi. Nan da kwana goma ba zai iya zaman mota ba. In yana da wanda yake son gani, ko inda yake son zuwa, ya tafi cikin makon nan.

Kawu ya juyo yana kallon bakina. Na ga wuyansa yadda ya rame a cikin kwalar riga, na ga tabon ƙuna a bayan hannunsa wanda na sani tun ina yarinya. Ban yi shawara da zuciyata ba, bakina ne ya bi hanyar da ya saba bi shekara goma sha ɗaya.

"Kawu, ya ce ciwon a hanta yake, kuma ya ɗan yi nisa. Ba za a yi aiki ba. Za a ba ka magani mai ƙarfi, za ka ji sauƙi. Sauran sai mu dage da addu'a."

"Shi ya daɗe yana zuba, ke taki gajeriya."

"Turanci ne, Kawu, jela gare shi."

Ya yi ɗan murmushi. "To tambaye shi, zan iya tafiya mai nisa? Kwana biyu a mota."

Na tambaya. Likitan ya sunkuyo ya ce e, amma yanzu, cikin makon nan, kada ya jira. Na juya na ce, "Ya ce za ka iya."

"In na ɗan ƙara ƙarfi ke nan."

Na gyaɗa kai. Likitan ya tambaye ni ko ya fahimci zancen tafiyar, na ce ya fahimta. Kawu ya miƙe ya sa hularsa, ya yi wa likitan godiya da hannu biyu, muka fito.

Da yamma na gaya wa Umma komai a kicin, har kwana goman. Ta zauna a kan turmi ta yi kuka mai isarta, ta share ido da gefen zani, ta ce na kyauta. Ta ce mutumin da aka ƙirga wa kwana ai tun ranar ya mutu. Ta ce mu lallaɓa shi ya tafi ba tare da ya sani ba. Na ji daɗin maganarta ƙwarai, don ta ɗauke mini rabin nauyin, kuma dama abin da nake so in ji ke nan.

Muka shiga yi masa hannunka mai sanda. Umma ta ce ai gara ya tafi kafin haihuwa. Ni na ce na ji an ce hanya ta yi kyau a 'yan kwanakin nan. Kawu ya ce mu bar shi da gaggawar mata. Gadon saura ƙafafu da fenti, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ban da haka, in ji shi, yarinya mai hawan jini, ya je mata kamar tsinke ta gan shi ta faɗi? Bari ya ci abinci mako biyu, ya cika wandonsa, sannan ya je mata da kamar mutane. Duk abin da ya faɗa daidai ne ga mutumin da yake da mako biyu na zubarwa.

Maganin kuwa ya yi abin da likita ya ce zai yi. Kwana na huɗu Kawu ya tashi ya yi aski ya koma shago. Kwana na shida na tashi aiki da wuri na nufi can, na rantse a raina yau sai na gaya masa, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. A cikin mota har na shirya kalmomin, na jera su, na san da wadda zan fara.

Na same shi zaune a kan gwangwani, gadon a gabansa, yana goge bakin ƙarfe da takardar yashi. Ƙaramin gado ne mai sanduna, gefe ɗaya yana sauka yana hawa. Ya kamo hannuna ya bi da shi kan kowace kusurwa. "Ji nan. Ji nan ma. Akwai inda zai yanki yaro?" Babu. Ya nuna mini tazarar sandunan, ya ce ya auna da kwalbar lemo don kada kan jariri ya shige. Ya ce shuɗi zai shafa, mace ko namiji duk ya yi. Sannan ya ce, "Aku, Dogon naku ya san aiki. Jiya na cinye kwano guda. In na ci gaba haka, nan da kwana goma sha biyar ina hanya."

Na buɗe baki. Mai faci ya leƙo yana neman aron filaya, aka yi raha, Kawu ya ce masa wadda ya ara bara ma ba ta dawo ba. Da mutumin ya fita sai na ji kalmomin da na jera sun watse. Fuskar Kawu a sake take, rabon da in gan ta haka tun matarsa na da rai. Na ce a raina gobe. Abin da na faɗa a fili shi ne shuɗin zai yi kyau.

A ɗakinmu na tafinta akwai kalanda a bayan ƙofa. Kullum da safe sai na dube ta in ƙirga. Bakwai, takwas, tara. Kowace rana ina da dalili. Yau yana jin daɗi, kada in ɓata masa. Yau ya kwana da ciwo, ba ranar magana ba ce. Rana ta goma ta zo ta wuce kamar sauran, na yi wa mutum biyar tafinta, na sha shayi, na koma gida. A cikin mota na ji wani abu mai kama da sauƙi, wai ai yanzu ko na faɗa ba amfani. Ina jin kunyar wannan fiye da komai.

Kwana na goma sha uku ƙafafunsa suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Na goma sha bakwai ya kasa tashi daga tabarma sai an ɗaga shi, cikinsa ya yi tsiri. Har lokacin yana cewa Umma in kumburin ya saɓe zai tafi. Na ashirin muka kawo shi hawa na uku, gado na huɗu daga ƙofa, aka sa masa robar iska a hanci. Muryarsa ta shige ciki, in yana magana sai ka kai kunne.

Akwai wata da aka ɗauka aiki watan jiya, Sabuwa muke ce mata, matar wani direba, mai 'ya'ya uku. Ba ta riga ta koyi sauke rabin kaya ba, abin da ta ji shi take faɗa, har shugabarmu tana cewa za ta kashe mana majinyata. Rana ta ashirin da uku aka kira ni ɗakin haihuwa a ƙasa, Dogon Likita ya zo zagaye, Sabuwa ce a kusa. Ya duba Kawu, ya dafa kafaɗarsa, ya yi masa tambaya cikin tausayi. Sabuwa ta juya ta ce, "Baba, likita ya ce yana fata ka samu ka yi tafiyar nan cikin kwana goman da ya gaya maka."

Kawu ya ce, "Wane kwana goma?"

Ina hawowa matakala na tarar da Sabuwa a bakin ɗakinmu, idonta ya yi ja. Ta ce, "Yaya, ina jin na yi ɓarna." Na so in rufe ta da faɗa, har maganar ta zo mini wuya, sai na ga ba ni da bakin yi. Na ce mata ba ita ta yi ba.

Bayan la'asar ne, rana ta shigo ta tagar yamma ta kwanta a kan bargonsa. Umma na zaune a kujerar roba ta sunkuyar da kai. Kawu ya yafito ni da yatsa biyu, na durƙusa a gefen gadon.

"Maimaita mini," ya ce. "Daga farko. Yadda ya faɗa."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na fara tun daga sallamar. "Ya ce, in faɗa maka ba kwana-kwana." Na faɗi hantar, na faɗi huhun, na faɗi makonnin. Na faɗi maganin da zai ruɗe shi. Na faɗi kwana goma, na faɗi cikin makon nan, kada ya jira. Ban manta ko kalma ɗaya ba, ashe duk suna nan a jere inda na ajiye su.

Ya rufe ido. Na ga leɓensa na motsi, yana ƙirga. "Yau kwana nawa?"

"Ashirin da uku."

"Ranar da kika zo shago fa?"

"Shida."

Can ya ce, "Da a ranar na tafi. Ko ba fenti. Ko a kwance a bayan mota."

"Kawu, tausayinka na ji."

Ya buɗe ido ya dube ni, ba fushi a ciki, da ma fushin ne da ya fi mini. "Kanki kika tausaya wa," ya ce. "Ba kya son ki ga fuskata." Umma ta fara cewa ita ma da hannunta a ciki, ya ɗaga mata yatsa ta yi shiru. Ya ce ba ita ya aika ba.

Gaskiya ya faɗa, kuma ba a kansa kaɗai ba. A durƙushen nan na tuna fuskokin da suka yi mini godiya cikin shekara goma sha ɗaya. Ban san nawa ne cikinsu suke da tafiya a gabansu ba, ban taɓa tambaya ba.

"Kira mini ita," ya ce.

Umma ta fita baranda ta fara kiran mijin Auta, ta gaya masa halin da ake ciki, ta ce ya zauna kusa da ita ya riƙe ta. Sannan ta dawo ta miƙo mini wayar. Na kara wa Kawu a baki. Muka ji muryar Auta tana cewa, "Baba? Baba, kai ne?" Ya yi magana, amma abin da ya fita iska ce kawai. Ya sake gwadawa, tari ya taso masa. Auta tana ta cewa ba ta ji, a ƙara murya, ba ta ji.

Ya jawo ni da kwalar riga har kunnena ya taɓa leɓensa. "Ke za ki faɗa. Yadda na faɗa. Kika gyara ko harafi ɗaya ban yafe ba."

Na ce wa Auta ni ce, muryarsa ba ta fita, zan riƙa faɗa mata abin da ya ce. Na sa wayar a tsakaninmu. Yana raɗawa ina maimaitawa, da bakinsa, kamar shi ne yake magana.

"Auta, ranar da na ce ba ki da uba, ƙarya na yi. Baƙin ciki ne ya yi mini yawa na rasa inda zan sauke, na sauke a kanki. Ba ki yi laifin komai ba. Mota ce ta lalace. Na sani tun a ranar."

Ta fashe da kuka, muna jin mijin yana cewa ta yi a hankali. Ta ce ta yafe, ta ce ita ma ya yafe mata, ta ce kullum sai ta ɗauki waya ta ajiye. Sannan ta ce, "Baba, to me ya sa ba ka zo ba? An ce mini kana ta shiri. Na sa an gyara maka ɗaki tun wancan makon. Kullum ina sauraron mota."

Kawu ya ja numfashi sau uku kafin ya samu na magana. Na kai kunne, na ji abin da ya ce. Na ɗago na dube shi, ya zuba mini ido yana jira. Umma ta girgiza mini kai daga inda take. Na san yadda ake gyara irin wannan, cikin daƙiƙa ɗaya na samo hanya uku, kowacce mai laushi, kuma da ƙyar zai gane. Na mayar da bakina kan wayar.

"Na so zuwa. Likita ya ba ni kwana goma in zo in gan ki. Wannan da take miki magana ita ta ɓoye mini, na zauna ina fenti."

Na duba ko wayar ta katse. Can Auta ta ce, a hankali, "Yaya, ke ce kike magana ko shi?"

"Shi ne."

"Ke nake tambaya yanzu. Haka aka yi?"

"Haka aka yi."

Na ji tana numfashi. Ta ce, "Sa masa wayar a kunne. Ba sai ya yi magana ba, ni zan yi. Ke kuma ki ba Umma ta riƙe, ki fita."

Na miƙa wa Umma wayar na fita, na ja ƙofar. Na tsaya a baranda, a daidai wurin da nake tsayar da 'yan'uwan wasu in ce musu su yi haƙuri. Ta gilashin ƙofar ina hango shi, wayar a kunnensa, idonsa a rufe, hawaye na gangarowa cikin kunnen. Sun fi minti arba'in. Ban san abin da ta gaya masa ba, ba wanda ya gaya mini, ban kuma tambaya ba.

Kwana biyu bayan nan ya cika, da hantsi, ina ƙasa ina yi wa wata tafinta. Umma ta ce kafin nan ya tambayi ina Aku, da aka ce za a kira ni ya ce a bar ni in yi aikina. Na juya maganar nan a raina ya fi sau dubu, har yau ban san ko yafiya ce ko kora ba.

Auta ta haihu bayan kwana tara, mace. Mai faci da mai gyaran rediyo suka naɗe gadon da kwali da tsohon bargo, suka ɗaure a saman motar haya. Fentin ya bushe sarai, ba kusurwar da za ta yanki yaro. Kwana biyu ya yi a hanya ya isa lafiya, ko ƙwarzane babu. Mijin Auta ne ya kira Umma ya ce ya iso, an sa jaririyar a ciki. Ni ba a kira ni ba.